Famfon Zafi: Fasahar da ke Ɗumama Gida da Ruwan Sanyi, ta Kuma Zuba Zafin Ɗaki Cikin Ƙasa

A garin Drammen na ƙasar Norwe, mai nisan kilomita kusan 40 daga Oslo, sanyin hunturu kan sauka ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara ta rufe tituna. Duk da haka akwai ɗumi a cikin gidaje da ofisoshin tsakiyar garin, kuma mafi yawan ɗumin yana fitowa ne daga wurin da ba wanda zai yi zato: ruwan mashigin tekun da ke gefen garin, wanda sanyinsa ke kusan digiri 8 a ma'aunin salshiyos, kusan irin na ruwan da aka ciro daga firiji.

Tun shekarar 2011 wasu manyan na'urori uku da kamfanin Star Refrigeration na birnin Glasgow ya ƙera suke jawo wannan ruwa, su tatse ɗan zafin da ke jikinsa, su mayar da shi teku. Zafin da suka tatsa suke ɗagawa har ya kai digiri 90, sannan a tura shi cikin bututu zuwa gine-ginen garin. Ƙarfinsu ya kai megawat 13, kuma kowane yunit ɗaya na wutar lantarki da suka sha yana fitar da zafi na kusan yunit uku.

Wannan na'ura ita ce famfon zafi. Ƙanananta suna nan a ɗakunan ƙasa na miliyoyin gidaje a Turai, Amurka da Sin, wasu suna jan zafi daga kogi ko tafki, wasu daga ramin da aka haƙa a bayan gida. Idan aka juya su baya kuma, sanyaya gida suke yi.

Mene ne famfon zafi?

Famfon ruwa yana ɗaukar ruwa daga ƙasan rijiya ya kai shi tankin da ke kan rufi, wato ya tilasta masa hawa inda ba zai je da kansa ba. Shi ma zafi yana da hanyar da yake bi da kansa: kullum daga abu mai zafi yake gangarowa zuwa abu mai sanyi. Shi ya sa shayi ke hucewa idan aka bar shi a kan tebur. Aikin famfon zafi shi ne ya juya wannan tafiya, ya ɗebi zafi daga wuri mai sanyi ya kai shi wuri mai ɗumi.

Duk gidan da ke da firiji yana da irin wannan na'ura. Firiji zafi yake kwashewa daga cikinsa ya watsar ta bayansa, shi ya sa bayan firiji ke da ɗumi. Haka AC take: ɓangaren da ke cikin ɗaki yana tsotse zafi, wanda ke waje yana hura shi ga iska. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɓangaren waje na AC da tsakar rana ya san irin hucin da ke fita.

Masu wayoyin zamani ma suna riƙe da ɗan'uwan wannan fasaha a hannu. Samsung ta saka siririn bututun tagulla mai ɗan ruwa a ciki a wayarta Galaxy S7 a 2016, kuma yanzu wayoyin wasa da manyan wayoyi da dama suna zuwa da ɗan faffaɗan akwatin tururi. Idan ƙwaƙwalwar waya ta ɗauki zafi, ruwan ya zama tururi, ya gudu ɓangaren da ba zafi, ya koma ruwa, ya dawo. Bambancin shi ne na waya gangara kawai yake bi, daga zafi zuwa sanyi, ba ya shan wuta. Famfon zafi hawa yake yi, don haka sai da inji.

Yadda yake aiki

Sirrin yana cikin abin da masu gyaran firiji ke kira gas. Sinadari ne da ke tafasa a cikin tsananin sanyi. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, amma amoniya, wadda ake amfani da ita a Drammen, tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili. Ga irin wannan sinadari, ruwa mai digiri 8 tamkar murhu ne.

Zagayen yana da matakai huɗu:

1. Gas ɗin yana shigowa a matsayin ruwa mai tsananin sanyi, ya bi ta jikin bututun da ke ɗauke da ruwan kogi ko ruwan da ya zagayo daga ƙarƙashin ƙasa. Ba sa gauraya, ƙarfe ne tsakaninsu. Zafin ruwan ya ratsa ƙarfen, gas ɗin ya tafasa ya zama tururi.
2. Kwamfiresa ta matse tururin. Duk iskar da aka matse zafi take yi, kamar yadda bakin famfon keke ke ɗaukar zafi idan ana buga wa taya iska. A nan ne na'urar ke shan wuta.
3. Tururin mai zafi ya bi ta jikin wani bututun, ya miƙa zafinsa ga ruwa ko iskar da za ta zagaya gida, shi kuma ya koma ruwa.
4. Ya bi ta wata 'yar ƙofa matsattsiya, matsin ya sauka nan take, ya yi sanyi ƙalau kamar yadda gwangwanin turaren feshi ke sanyi idan aka daɗe ana dannawa. Daga nan ya koma matakin farko.

Yawancin na'urorin da ake sayarwa a Amurka suna da wani bawul da ke juya hanyar gas ɗin. Da zarar an juya shi, gida ya zama wurin ɗibar zafi, ƙasa ko kogi ya zama wurin zubarwa. Na'ura ɗaya ta zama hita a hunturu, AC a bazara.

Lissafin yunit

Hitar lantarki ta gama-gari, irin wadda ake tsomawa cikin bokiti, yunit ɗaya na wuta yana ba ta yunit ɗaya na zafi, ba ƙari. Famfon zafin da ke ja daga ƙasa kuwa yakan ba da yunit uku zuwa biyar a kan kowane yunit ɗaya. Wannan bai saɓa wa dokar kimiyya ba. Idan ya ba da huɗu, ɗaya ne daga mita, uku daga ƙasa. Kuɗin ɗauko kaya kawai aka biya, kayan kyauta ne.

Ga misali mai sauƙi. Gidan da ke buƙatar zafi na yunit 12,000 a shekara zai biya kuɗin yunit 12,000 idan hita ce. Idan famfon zafi ne mai ba da huɗu a kan ɗaya, yunit 3,000 zai biya.

Sai dai wannan adadi ba a kafe yake ba. Ya dogara ne da tsayin hawan, wato tazarar da ke tsakanin zafin wurin da ake ɗiba da zafin wurin da ake kaiwa. Ɗaga zafi daga digiri 10 zuwa 35 ya fi sauƙi a kan ɗaga shi daga 10 ƙasa da sifili zuwa 55. Masu aikin sanyaya suna ƙiyasta cewa rage tazarar da digiri ɗaya kan rage shan wuta da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa ake wahalar haƙa rami.

Me ya sa ƙasa da ruwa suka fi iska?

Yawancin famfunan zafi a duniya daga iskar waje suke ja, domin sun fi araha da sauƙin kafawa. Matsalarsu ita ce iska ba ta da alƙawari. Ranar da gida ya fi buƙatar ɗumi, ranar ce iskar waje ta fi sanyi. Ranar da ya fi buƙatar sanyi, ranar ce ta fi zafi. Na'urar tana raunana daidai lokacin da aka fi son ƙarfinta.

Ƙasa ba haka take ba. Rana da sanyi saman ƙasa kawai suke juyawa. Idan aka nutsa mita 10 zuwa 15, zafin ba ya motsi sosai daga Janairu zuwa Disamba, yana tsayawa kusa da matsakaicin zafin garin na shekara. A kudancin Suwidin yana wajen digiri 7 zuwa 9, a Ingila 10 zuwa 12.

Masu jan ruwa a rijiya sun daɗe da sanin wannan. Da asubar hunturu ruwan rijiya da ɗumi ake jin sa, da tsakar ranar bazara kuma da sanyi. Ruwan bai canja ba, iskar waje ce ta canja.

Ya kamata a bambanta wannan da tashoshin wutar lantarki irin na Olkaria a Kenya ko na ƙasar Iceland. Su suna haƙa kilomita biyu zuwa uku a yankunan duwatsu masu aman wuta, su fito da tururin da ke juya injin wuta. Famfon zafin gida ba ya buƙatar dutse mai aman wuta, kuma ba ya samar da lantarki. Ƙasar bayan gida ta ishe shi.

Hanyoyi huɗu na haɗa gida da ƙasa ko ruwa

Kwance. A haƙa dogayen ramuka masu zurfin mita ɗaya zuwa biyu, a shimfiɗa bututun roba mai ƙarfi na ɗaruruwan mita, a mayar da ƙasa. Ruwan da aka gauraya da sinadarin hana daskarewa ne ke zagayawa ciki. Ya fi araha, amma sai mai babban fili.

Tsaye. A kawo injin haƙa irin na rijiyar burtsatse, a nutsa mita 50 zuwa 200 ko fiye, a zura bututu mai lanƙwasa a ƙasa, ya sauka ta wani ɓari ya hau ta ɗaya. Ba a jan ruwan ƙasa ko ɗigo, zafi kawai ake musaya. Shi ne zaɓin gidajen birni masu ƙaramin fili.

Cikin tafki. Idan akwai tafki ko kududdufi mai zurfi kusa da gida, a naɗe bututun a nutsar da shi ƙasan ruwa. Ruwa yana miƙa zafi fiye da busasshiyar ƙasa, kuma an huta da haƙa.

Buɗaɗɗe. A jawo ruwan rijiya, kogi ko teku kai tsaye, ya bi ta na'ura, a mayar da shi ta wata rijiyar ko cikin kogin. Yana da inganci sosai, amma yana buƙatar izinin hukuma, kuma ruwa mai yashi, gishiri ko tsatsa kan toshe na'ura ko ya cinye ta.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa na'urar cikin gida kan yi shekara 25, bututun da aka binne kuma ya haura 50. Babu fanka a waje da ke ƙara, babu abin da rana, ƙura ko ɓarawo zai taɓa.

Tsohuwar dabara ce

Masanin kimiyya William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana tunanin a 1852. 'Yan shekaru bayan haka Peter von Rittinger ya gwada shi wajen dafa gishiri a Ebensee ta ƙasar Ostiriya. A 1912 injiniya Heinrich Zoelly na Suwizalan ya gabatar da tsarin jan zafi daga ƙasa da injin lantarki.

Rashi ne ya fitar da dabarar daga takarda. Suwizalan ba ta da kwal, amma tana da koguna da wutar madatsun ruwa. A 1938 aka kafa famfon zafi a ginin majalisar birnin Zurich, wanda ke zaune a kan kogin Limmat, yana jan zafi daga ruwan kogin. Na'urar ta yi aiki har 2001. A Ingila, injiniya John Sumner ya ɗumama wani ginin hukuma a Norwich da ruwan kogin Wensum a 1945. A Amurka kuma Robert Webber ya binne bututun tagulla a gidansa da ke jihar Indiana a ƙarshen shekarun 1940.

Daga nan man fetur da gas suka yi araha, aka yi watsi da batun, har sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973 da 1979.

Inda ta zama ruwan dare

Suwidin ce ta fi kowa riƙe darasin. Ƙasar tana zaune a kan dutse mai ƙarfi da ke miƙa zafi da kyau, wutarta daga madatsun ruwa da nukiliya take, kuma a 1991 ta sa haraji a kan hayaƙin kabon, abin da ya tsadar da man ɗumama gida. Yau ƙasar mai mutum miliyan 10 da 'yan kai tana da famfunan zafi na ƙasa fiye da rabin miliyan. A birnin Stockholm sai da izinin hukuma ake haƙawa, kuma ana so a bar tazarar kusan mita 20 tsakanin rami da rami, don kada maƙwabci ya sha zafin maƙwabcinsa. Kamfanonin ƙasar irin su NIBE da Thermia suna sayarwa a faɗin Turai. Na'urorin NIBE suna haɗuwa da manhajar myUplink, inda mai gida ke ganin zafin ɗakunansa a waya, na'urar kuma ta duba farashin wuta ta intanet ta fi yin aiki a sa'o'in da ya sauka.

A Amurka, Jami'ar Ball State da ke Indiana ta haƙa ramuka fiye da 3,000 a ƙarƙashin filayen wasa da wuraren ajiye motoci, ta haɗa su da gine-gine 47, sannan ta kashe tukwanen kwal ɗinta huɗu a 2014. A 2017 kamfanin Dandelion ya fito daga ɗakin gwaje-gwajen X na uwar kamfanin Google, da burin rage kuɗin haƙa a gidaje ta hanyar ƙananan injina. A watan Yunin 2024 kamfanin gas na Eversource ya ƙaddamar da wani gwaji a garin Framingham na jihar Massachusetts: bututu ɗaya mai tsawon kusan mil guda ya zagaye unguwa, gine-gine fiye da 30 suna ja daga ramukan haɗaka, kowa yana biyan kuɗin wata maimakon ya haƙa nasa.

Ta ɓangaren sanyaya, birnin Toronto na Kanada yana jan ruwa mai digiri 4 daga zurfin mita 83 a tafkin Ontario tun 2004. Ruwan yana kwashe zafin manyan benayen tsakiyar birni fiye da 100, sannan ya wuce cikin ruwan shan birnin.

Har masu hawa Facebook da Instagram suna da hannu a ciki. Cibiyar ajiyar bayanai ta Meta da ke Odense a ƙasar Denmak tana fitar da zafi mai yawa daga kwamfutocinta. Maimakon a watsar, manyan famfunan zafi suna ɗaga shi su tura wa dubban gidajen birnin.

To me ya hana kowa sakawa?

Kuɗin farko. Na'urar kanta ba ta fi sauran tsada sosai ba, haƙar ce ke cin kuɗi. A Amurka aikin gida ɗaya kan tashi daga dala 20,000 zuwa sama, sau da yawa ninki biyu na famfon da ke ja daga iska. Mai gida yana biya yau don ya huta da kuɗin wuta shekaru masu zuwa, kuma ba kowa ke da abin jira ba.

Shi ya sa kasuwar ke bin tallafin gwamnati sawu da ƙafa. A Ingila da Wales, a Oktoban 2023 aka fara ba da fam 7,500 ga mai cire tukunyar gas ko mai ya saka famfon zafi. A Amurka dokar 2022 ta ba masu gidaje rangwamen haraji na kashi 30 cikin 100, amma wata dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta kawo ƙarshensa daga ƙarshen shekarar.

Akwai kuma batun gidan kansa. Gidan da zafi ke tsiyaya ta rufi da tagogi kamar tulu ne mai huda, duk abin da aka zuba zai zube. Masana kan ba da shawarar a fara toshe kafofin kafin a sayi na'ura, domin hakan na rage girman na'urar da zurfin ramin da za a buƙata.

Darasin garin Staufen

Haƙa ƙasa ba wasa ba ne, kuma garin Staufen da ke kudu maso yammacin Jamus ya ɗanɗana. A 2007 hukumar garin ta sa aka haƙa ramuka bakwai masu zurfin har mita 140 a bayan tsohon ginin majalisarta, don ɗumama shi da sanyaya shi. Bayan 'yan makonni bangaye suka fara tsagewa.

Abin da ya faru shi ne haƙar ta ratsa wani shimfiɗin dutse mai suna anhaidirayit, ta kuma buɗe wa ruwan da ke ƙarƙashinsa hanyar hawa. Idan wannan dutse ya sha ruwa yana rikiɗa ya zama jifsam, ya kumbura da kusan kashi 60 cikin 100. Tsakiyar garin ta fara tashi sama, a wani lokaci da kusan santimita ɗaya a wata. Gine-gine fiye da 250 suka tsage, wasu wuraren suka ɗaga fiye da rabin mita, asarar ta haura yuro miliyan 50. Garin neman ƙiba aka samo rama.

An toshe ramukan da siminti, aka kuma dinga zuƙe ruwan ƙasa, tashin ya ragu sosai. Jihar Baden-Württemberg ta tsaurara dokokin haƙa bayan haka. Irin wannan haɗari ba kasafai yake faruwa ba idan aka kwatanta da miliyoyin ramukan da ke aiki lafiya, amma ya nuna abin da ba a tsallakewa: sanin irin dutsen da ke ƙasa kafin a sa injin, da like ramin da kyau daga ƙasa har sama, don kada gurɓataccen ruwa ya sami hanyar shiga ruwan sha.

Ina amfaninta a ƙasar zafi?

A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Yamai, ɗumama gida ba shi ne damuwa ba. Damuwar ita ce watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, AC tana nishi, mita tana gudu. A Afrilun 2024 an ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin A a Najeriya daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Hukumar makamashi ta duniya kuma ta yi hasashe a 2018 cewa yawan AC a duniya zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, mafi yawa a ƙasashe masu zafi.

A ƙa'ida dabarar tana aiki a nan ma. Matsakaicin zafin shekara a waɗannan garuruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30, don haka ƙarƙashin ƙasa yana wajen 28 zuwa 31. AC ɗin da ke tura zafi cikin iska mai digiri 42 ta fi wahala a kan wadda ke tura shi cikin ƙasa mai digiri 30. Ga kuma injinan haƙa rijiyar burtsatse da ma'aikatansu a kowane gari.

Amma akwai cikas uku da mai sha'awar abin ya kamata ya sani.

Na farko, ƙasar nan ba ta da sanyi irin na Turai. Ruwa mai digiri 30 ba zai sanyaya ɗaki da kansa ba, dole kwamfiresa ta yi aiki. Ribar ta fi girma a bazara, ta ragu a damina, a daren hunturu kuwa iskar waje ta fi ƙasa sanyi.

Na biyu, daidaito. Inda ake ɗumamawa a hunturu a kuma sanyaya a bazara, zafin da aka zuba a ƙasa a wani lokaci ana kwashe shi a wani, ƙasar ta zama kamar batir. Inda sanyaya kawai ake yi, zuba ake yi ba ɗiba. Shekara bayan shekara ƙasar da ke kewaye da ramin tana ƙara zafi, ingancin na'urar yana raguwa. Busasshen yashi ya fi muni, domin ba ya miƙa zafi da sauri. Maganin shi ne ƙara yawan ramuka, ko haɗa tsarin da hasumiyar sanyaya ruwa, ko a riƙa karkatar da zafin zuwa tankin ruwan wanka da wanki. Duk ƙarin kuɗi ne.

Na uku, ruwa. Tsarin buɗaɗɗe yana jan ruwa mai yawa. A yankin da rijiyoyi ke ƙafewa a bazara, ba a kyauta ba a jawo ruwan sha don sanyaya ɗaki idan ba za a mayar da shi ƙasa ba.

Saboda haka, ga mai ɗaki biyu ko uku, lissafin bai cika fita ba. Sa silin mai hana zafi, fenti mai haske a kan rufin kwano, inuwar bishiya a yammacin gida, da AC mai inbata, za su ba shi sauƙi da kaso kaɗan na kuɗin haƙa. Kakanni ma sun san wani ɓangare na wannan: kaurin bangon soro yana jinkirta shigar zafin rana kamar yadda ƙasa ke yi. Akwai kuma ƙanwar fasahar mai araha, wadda Faransawa ke kira rijiyar Kanada: bututun iska ne ake binnewa zurfin mita biyu zuwa uku, fanka ta jawo iskar waje ta cikinsa, ta shigo ɗaki da ragin zafi. Ba ta kai AC ba, kuma sai an kula da raɓa da tsabtar bututun, amma ƙaramin sola ya isa ya juya ta.

Inda lissafin ke iya fita shi ne manyan gine-gine masu buƙatar sanyi da ruwan zafi a lokaci guda: asibitoci, otal-otal, ɗakunan kwanan ɗalibai, masana'antun madara da abinci. A can zafin da aka cire daga ɗakuna ba ya zama shara, yana tafiya kai tsaye zuwa kicin, banɗaki da wurin wanki. Garuruwa masu tudu irin Jos, inda ƙasa ta fi sanyi kuma ake buƙatar ɗumi a hunturu, sun fi kusa da daidaiton da tsarin ke so.

Ga matashin da ke koyon gyaran firiji da AC, ko ɗalibin injiniya da ke neman aikin kammala karatu, ƙofar a buɗe take. Kwamfiresa, gas da bawul ɗin famfon zafi su ne dai waɗanda ke kan teburin mai gyara a kasuwa. Abin da ake ƙarawa a kai shi ne sanin ƙasa: zafinta a zurfin mita 10, a mita 50, da saurin da take karɓar zafi. Ma'aunin zafi mai araha, doguwar waya da rijiyar burtsatsen da aka daina amfani da ita sun isa a fara aunawa, kuma daga irin waɗannan alƙaluma ne za a san garin da haƙar za ta biya kuɗinta.